Wata Huɗu da Manhajar Sefaria a Damagaram: Rahama da Mutuncin Ɗan Adam a Littattafan Yahudawa

Tambayar wata ɗaliba ce ta kai ni ga wannan manhaja. Ina koyar da falsafa a ajin ƙarshe na wata makarantar sakandare a nan Zinder, kuma idan muka zo darasin mutuncin ɗan Adam na saba kawo maganar Kant, masanin falsafa na Jamus, cewa kaya ne ke da farashi, mutum kuwa daraja gare shi, sannan in haɗa da aya ta 70 ta Suratul Isra'i inda Allah Maɗaukakin Sarki ya ce ya karrama ƴan Adam. Ina cikin bayani rannan sai yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe (wato malam), mun ji na Turawa, mun ji namu, to su Yahudawa me littattafansu suka ce?" Na ba ta amsar da ni kaina ba ta gamsar da ni ba, domin abin da ke hannuna a lokacin maganganun wasu ne a kansu, babu ko layi ɗaya daga abin da su suka rubuta. Na zaga wurin masu shimfiɗa littattafai a gefen Kasuwar Dole da cikin Zango ban dace da komai ba, har sai da wani abokin aikina mai koyar da Ingilishi ya nuna mini Sefaria a wayarsa. Yanzu wata huɗu ke nan ina amfani da ita kusan kowane dare bayan isha'i, kuma ina ganin na daɗe da ita isasshe da zan iya gaya wa malamai da ɗalibai abin da za su tarar a ciki.

Sefaria ɗakin karatu ne na intanet wanda ya tattara littattafan addinin Yahudawa wuri guda, tun daga Attaura da littattafan annabawa da Zabura har zuwa Mishna da Talmud da sharhohinsu da littattafan shari'a da na tarbiyya. Sunan yana da dangantaka da kalmar Ibrananci ta "sefer", wato littafi. Wasu Amurkawa biyu, Brett Lockspeiser da Joshua Foer, su suka fara aikin a 2011, kuma ƙungiya ce da ba ta neman riba. A 2017 suka fara sanya Talmud na Babila tare da fassarar Ingilishi da aka gina kan sharhin Rabbi Adin Steinsaltz, wanda ya rasu a 2020, kuma wannan fassara ita ce ƙashin bayan duk abin da mai karatu irina zai iya amfana da shi. Ba a biyan ko dala, ba a tilasta wa mutum ya buɗe asusu kafin ya yi karatu, babu kuma tallan kaya da ke tsalle a tsakiyar shafi, sai dai roƙon gudunmawa da kan bayyana jifa-jifa, wanda mutum zai iya rufewa ya ci gaba.

Abin da ya fi yi mini amfani a halin da muke ciki shi ne ana iya sauke littattafan a cikin waya a karanta ba tare da intanet ba. Kayan suna da nauyi, kuma ƙoƙarina na farko ya cinye mini kusan jika biyu na kati ba tare da ya kammala ba, saboda layin da nake amfani da shi yana yankewa a unguwarmu, don haka shawarata ita ce mutum ya nemi wurin da intanet ke da ƙarfi ya sauke sau ɗaya ya huta. Tun da na yi haka, ko wuta ta ɗauke ko layi ya ɓace, karatuna ba ya tsayawa muddin akwai caji.

Sai dai kafin mutum ya ji daɗin manhajar dole ya koyi yadda ake yi wa littattafan adireshi. An harhaɗa Mishna wajen shekara ta 200 Miladiyya ƙarƙashin Rabbi Yehuda HaNasi, an kasa ta kashi 6 masu ɗauke da littattafai 63. Talmud na Babila kuwa tattaunawar malamai ce a kan Mishna, wadda aka yi a makarantun Sura da Pumbedita a ƙasar Iraƙi ta yau, aka kammala tattara ta ƙarnoni kaɗan bayan haka. Warƙoƙinsa 2,711 ne, kowace warƙa tana da fuska biyu, "a" da "b", kuma kusan kowane littafi daga warƙa ta 2 yake farawa. Saboda haka idan ka rubuta "Sotah 14a" a akwatin bincike, nan take za a kai ka fuskar farko ta warƙa ta 14 a littafin Sota. A cikin fassarar, kalmomin da aka rubuta da kauri su ne ainihin lafazin Talmud, na siriri kuwa ƙarin bayani ne da aka cusa don jimlar ta tsaya da ƙafarta. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure yana jin yadda ake fassara matani ana cike giɓinsa da baki zai gane hikimar wannan tsari, domin yana hana mai karatu ya ɗauki maganar mai sharhi a matsayin maganar mai littafi.

Daga wannan warƙa ta Sota na fara, kuma har yanzu ina ganin ita ce ƙofar batun gaba ɗaya. Wani malami mai suna Rabbi Hama ɗan Rabbi Hanina ya ɗauko ayar Maimaitawar Shari'a, littafi na biyar na Attaura, da ke umartar mutane su bi bayan Ubangiji Allahnsu, sai ya yi tambaya: ta yaya ɗan Adam zai bi bayan Allah alhali wata ayar ta siffanta shi da wuta mai cinyewa? Amsarsa ita ce, halayensa ake bi. Kamar yadda ya suturta marasa sutura, lokacin da ya yi wa Annabi Adamu da matarsa tufafin fata, haka kai ma ka suturta su. Kamar yadda ya gaida mara lafiya, lokacin da ya bayyana ga Annabi Ibrahim a Mamre, wanda malamansu suka ce bayan kaciyarsa ne, haka kai ma ka je gaisuwa. Kamar yadda ya yi wa mai makoki ta'aziyya, lokacin da ya albarkaci Annabi Is'haƙa bayan rasuwar mahaifinsa, da kuma yadda ya binne mamaci, wato Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare su duka, haka kai ma ka yi. Daga nan Rabbi Simlai ya ƙara da cewa Attaura da aikin alheri ta fara, da shi kuma ta ƙare, domin da suturta Adamu aka buɗe ta, da binne Musa aka rufe ta. A nan na fara ganin ƙimar manhajar, domin idan ka taɓa kowace jimla sai gefe ya buɗe ya nuna maka ayar da aka dogara da ita, da sharhin Rashi, malamin garin Troyes na Faransa wanda ya rayu daga 1040 zuwa 1105, da kuma wuraren da malaman shari'a suka mayar da maganar hukunci. Wanda ke riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya lura cewa lambar aya kan ɗan saɓa, domin wannan aya ta bin bayan Allah ta 5 ce a babi na 13 a ƙidayar Ibrananci, amma ta 4 ce a bugun Kiristoci.

Abin da ya ja hankalina shi ne duk huɗun da aka lissafa ayyuka ne da ake yi da hannu da ƙafa, kuma duk huɗun suna tarar da mutum ne a lokacin da ba shi da abin kare kansa, yana tsirara, ko yana kwance, ko yana kuka, ko ya zama gawa. Ba a ce a kwaikwayi Allah wajen mulki ko wajen ɗaukar fansa ba. A Shabbat 133b wani malami, Abba Sha'ul, ya taƙaita abin da cewa kamar yadda yake mai alheri mai rahama, kai ma ka zama mai alheri mai rahama.

Na kai wannan shafi wurin kawuna, wanda ya shafe shekaru yana karantar da tauhidi da fiƙihu a zaurensa cikin Birni, na fassara masa shi da Hausa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, aikin da suka faɗa mai kyau ne, amma wannan lafazi na cewa Allah ya je gaisuwa ya yi binniya, ina jin warin kamanta Allah da halitta a cikinsa." Na ce, "Allah gafarta malam, su ma sun yi wannan fargaba tun kafin mu." Na buɗe masa Musa bin Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya zauna a Fas kafin ya ƙarasa rayuwarsa a Fusɗaɗ ta Masar yana likitanci, ya rasu a 1204. Babin farko na littafinsa Dalalatul Ha'irin an keɓe shi ne don kore tunanin cewa "surar Allah" da aka ce an halicci mutum a kanta tana nufin siffar jiki, inda ya ce hankali ake nufi. A babi na 54 na kashi na farko kuma ya bayyana cewa siffofin rahama da alheri siffofin aiki ne, wato idan muka ga aikin da in mutum ne ya yi shi sai mu ce tausayi ya sa shi, to da wannan suna muke kiran aikin Allah, ba don wani motsin zuciya ya same shi ba. Da na gaya wa kawu cewa da Larabci aka rubuta littafin amma da haruffan Ibrananci, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe su ma suna da ajaminsu." Ya kuma tuna mini da kansa cewa Imam Gazali a sharhinsa na sunayen Allah kyawawa yakan bi kowane suna da bayanin rabon bawa daga gare shi, da kuma hadisin da ke cikin Sahih Muslim inda Allah zai ce wa ɗan Adam ranar alƙiyama ya yi rashin lafiya bai gaishe shi ba. Bai janye ƙin lafazin ba, kuma ban nemi ya janye ba, amma ya ce a bar masa maganar ya yi nazari.

Akwai ƙamus a cikin manhajar, idan ka danna kalmar Ibrananci ko ta Aramiya sai ya nuna maka tushenta. Da shi na ga cewa kalmarsu ta rahama, "rahamim", daga "rehem" ta fito, wato mahaifa, daidai da dangantakar da ke tsakanin rahama da rahimu a Larabci, wadda hadisin ƙudusi na Abu Dawud da Tirmizi ya ambata.

Inda na fi daɗewa shi ne sashen mutunci, wanda suke kira "kevod ha-beriyot", girman halittu, domin a nan ne rahamar da aka ce a kwaikwaya take samun ma'auni. A fahimtar da na yi wa waɗannan littattafai, bai isa a ce ka taimaki mutum ba, sai an duba ko ka bar masa fuskarsa bayan taimakon. A Bava Metzia 58b an ce wanda ya sa fuskar ɗan'uwansa ta yi fari a bainar jama'a, wato ya kunyata shi har jini ya janye daga fuskarsa, kamar ya zubar da jini ne, kuma Rav Nahman bar Yitzhak ya ce lalle haka ne, domin muna gani ja yana tafiya fari yana zuwa. Mu da fatarmu ba ta nuna wannan sauyi muna da tamu hanyar faɗa, muna cewa an ci masa fuska, an zubar masa da mutunci, kuma kalmar zubarwa da muke amfani da ita ba ta yi nisa da tasu ba. A shafin da ke biye aka ce gara mutum ya jefa kansa cikin tanderun wuta da ya kunyata wani a gaban mutane. Mishnar da aka gina tattaunawar a kanta ta ce kamar yadda ake cuta a ciniki haka ake cuta da magana, ta kawo misali uku: kada ka tambayi mai kaya farashi alhali ba ka da niyyar saye, kada ka ce wa wanda ya tuba ya tuna ayyukansa na da, kada kuma ka ce wa ɗan wanda ya shigo addini ya tuna ayyukan iyayensa. Malaman suka ce cutar baki ta fi ta dukiya muni, kuma ɗaya daga dalilansu shi ne ana iya mayar da kuɗi, magana kuwa ba ta mayuwa.

Misalin farko ya sa ni jin kunya ni kaɗai a ɗaki, domin sau nawa na tsaya gaban mai sayar da takalman fata a kasuwa na taya, na sa ya sauko da kaya ya kaɗe ƙura, alhali na san yawo kawai nake yi. Na ukun kuwa bai buƙaci fassara ba a garin da har gobe ana iya fasa aure saboda an tono asalin kakan wani, ana kuma iya yi wa yaro kallon raini da zarar ya ce daga Kara-Kara yake, unguwar da aka daɗe ana dangantawa da kutare da waɗanda gari ya ture gefe.

Abin da ya bambanta waɗannan littattafai da wa'azi zalla shi ne sun mayar da gudun kunyata talaka doka ta gari. A Mo'ed Katan 27 an ba da labarin cewa a da masu kuɗi sukan kai abinci gidan makoki cikin kwandunan azurfa da zinariya, talakawa kuwa cikin na saƙar itace, sai talakawa suka riƙa jin kunya, saboda haka aka hukunta kowa ya kai cikin na itace. An kuma ce tsadar jana'iza ta kai har takan fi mutuwar kanta nauyi ga dangi, wasu ma sukan ajiye gawa su gudu, sai Rabban Gamliyel, babban shugabansu, ya yi wasiyya a binne shi cikin farin ƙyalle na lilin kawai, jama'a suka bi shi. Mu da likkafani ya riga ya daidaita sarki da talaka a wurinmu mun tsira daga wannan, amma na tuna yadda sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da kayan ɗaki da lefe, suka zama gasa da ke jefa gidaje cikin bashi. Mishnar Ta'anit ta ƙara da cewa a wasu ranakun biki biyu ƴan matan Urushalima sukan fita da fararen tufafi na aro, har da masu hali a cikinsu, don kada a gane wadda ba ta da nata. Dabarar a duk waɗannan iri ɗaya ce: mai hali ne ake saukowa da shi, domin idan aka ce a ɗaga talaka an riga an nuna shi da yatsa.

Labarin da na fi so yana Ketubot 67b. Wani malami, Mar Ukva, kullum yakan jefa zuz huɗu, tsabar kuɗinsu na lokacin, a maƙalin ƙofar wani talaka maƙwabcinsa ya wuce. Wata rana talakan ya yi niyyar ganin mai yi masa wannan alheri, ranar kuwa malamin ya makara a makaranta, matarsa tana tare da shi. Da suka ga mutumin ya fito sai suka ruga suka faɗa cikin tanderun da ba a daɗe da kwashe garwashinsa ba. Ƙafafun malamin suka fara ƙuna, nata kuwa lafiya lau, har ta ce ya ɗora nasa a kan nata. Da abin ya dame shi sai ta bayyana masa cewa ita kullum tana gida, mabuƙaci yana samunta, kuma abin da take bayarwa abin ci ne nan take, shi kuwa kuɗi yake bayarwa sai an je an saya. Na karanta wa mahaifiyata wannan, wadda ba ta taɓa barin almajiri ya wuce ƙofarta da kwano wayam ba, ta ce matar ta fi mijin gaskiya.

Daga wannan shafi manhajar ta kai ni kai tsaye zuwa babi na 10 na dokokin kyauta ga matalauta a Mishneh Torah, littafin shari'a na Musa bin Maimun, inda ya jera matakai 8 na sadaka. Na ƙoli shi ne ka ƙarfafa hannun mutum da rance ko haɗin jari ko sama masa aiki har ya daina buƙatar roƙo. Mai bi masa shi ne wanda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba, kamar ɗakin sirri da Mishnar Shekalim ta ce akwai a Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Urushalima, inda masu tsoron Allah kan ajiye a ɓoye, talakawa ƴan gidan mutunci su samu a ɓoye. Na ƙasa duka shi ne mai bayarwa da ɓacin rai. A farkon babin ya ce wanda ya ba talaka da murtukakkiyar fuska ya ɓata ladarsa ko da zinariya dubu ya bayar, maganar da duk wanda ya haddace aya ta 263 da ta 264 ta Suratul Baƙara zai ji kamar ya san ta. Ba zan ɓoye ba, na karanta wannan ne a makon da hotunan rabon shinkafa suka cika Facebook da WhatsApp, an jera tsofaffi mata a rana kowace ta rungume buhu, an sa su kalli kyamara. Idan aka auna da wannan tsani, irin wannan rabo ko matakin da zai tsaya a kai ba shi da shi.

Wani abin yabo ga Sefaria shi ne ba ta tace wa mai karatu littattafan, kuma wannan ya sa dole in faɗi wuraren da maganar ba ta tafi sumul ba. Mishnar Sanhedrin 4:5 ta ce an halicci Adamu shi kaɗai don a koyar cewa wanda ya halaka rai ɗaya kamar ya halaka duniya ce, wanda ya raya shi kamar ya raya duniya, kuma don kada wani ya ce wa wani ubana ya fi ubanka. Ta ƙara da misalin da na ɗauka zuwa aji: mutum yakan buga tsabar kuɗi da yawa da hatimi ɗaya duka su fito iri ɗaya, amma Sarkin sarakuna ya buga kowane mutum da hatimin Adamu, babu kuma wanda ya yi kama da wani. Musulmi zai tuna aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, wadda ita kanta ta ce an wajabta wannan a kan Bani Isra'ila. To amma a bugun da aka fi yaɗawa an rubuta "rai ɗaya daga Isra'ila", alhali wasu tsofaffin rubuce-rubucen hannu ba su da wannan ƙari. Haka nan akwai wurare a Talmud da hukunci ya bambanta tsakanin Bayahude da wanda ba shi ba, kusa da su kuma akwai Gittin 61a da ke cewa a ciyar da talakawan wasu al'ummai, a gaida marasa lafiyarsu, a binne matattunsu tare da na Isra'ila saboda hanyoyin zaman lafiya. Ko shahararriyar maganar Berakhot 19b, cewa mutuncin halitta yana da girman da zai ture hanin da ke cikin Attaura, malaman ba su bar ta a sake ba, sun yi ta ja-in-ja har suka taƙaita ta mafi yawa ga hanin da malamai suka kafa. Wanda ya saba da Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, da sharhohinsa ba zai yi mamakin irin wannan gardama ba.

Na san wasu za su ce me ya kai malami Musulmi karatun littattafan Yahudawa a lokacin da zukatanmu ke ƙuna saboda Falasɗinu. Ra'ayina a kan abin da ake yi wa mutanen Gaza bai sauya ba, sai dai yanzu ina da shafi da layi daga littattafan da aka rubuta ƙarnoni da yawa kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, kamar Megilla 10b inda aka ce mala'iku sun so yin waƙa lokacin da Misirawa ke nutsewa, Allah ya hana su da cewa aikin hannunsa ne ke nutsewa a teku.

Babban shingen da mai karatu a Nijar zai tarar shi ne harshe. Da Ingilishi ko Ibrananci ake sarrafa manhajar, kuma duk da cewa na samu fassarar Faransanci ta Attaura da annabawa, Talmud da mafi yawan sharhohi sai da Ingilishi, wasu sharhohin ma suna nan da Ibrananci kawai. Ni da Ingilishina na makaranta ne nakan shafe rabin sa'a a kan sakin layi ɗaya, ƙamus a gefe. Haka kuma an tsara ta ne don wanda ya riga ya san hanya, shi ya sa baƙo zai fi cin riba idan ya shiga ta sashen maudu'ai, inda aka tara nassoshi ƙarƙashin kanun magana kamar alheri da sadaka, ko kuma ya fara da adireshin da na ambata a sama. Ina ba da shawararta ga malaman falsafa da tarihi, da ɗaliban Jami'ar André Salifou masu nazarin addinai, da malaman zaure masu wanda zai fassara musu. Ga ɗalibin sakandare shi kaɗai kuwa ta yi nauyi, sai dai malami ya zaɓo masa.

Abin da na yi ke nan. Shafin Sefaria na intanet yana ba da damar harhaɗa nassoshi a takarda guda ga wanda ya buɗe asusu, sai na zaɓi guda shida, na fassara su da Faransanci da Hausa, na buga kwafi arba'in a wani shago kusa da makaranta. Ɗalibar da ta yi tambayar ita ta karanta misalin tsabar kuɗi a gaban aji, wani yaro kuma ɗan mai shago ya tsaya kai da fata cewa taya kaya ba da niyyar saye ba ai hanyar sanin kasuwa ce, muka shafe sauran lokacin darasin a kan wannan. Kawu kuma ya aiko a gaya mini in je masa da Tomer Devora, ɗan littafin da Musa Kordobero na garin Safad, wanda ya rasu a 1570, ya gina kan siffofin rahama 13 da ya ciro daga ayoyi uku na ƙarshen littafin Annabi Mika. Na riga na gaya masa cewa siffa ta farko a ciki ita ce Allah yana jure cin fuska, yana ci gaba da ba mutum ƙarfin gaɓar da yake saɓa masa da ita a daidai lokacin da yake saɓon, kuma ya ce yana so ya ji yadda marubucin ya ce bawa zai ɗauki rabonsa daga wannan. Mun sa ranar Alhamis bayan la'asar, tun da ranar babu karatu a zaure.